Amir Abdulƙadir na Aljeriya: Malamin da ya buɗe gidansa ga Kiristocin Dimashƙa

Ranar Litinin, 9 ga watan Yulin 1860, hayaƙi ya turnuƙe unguwar Bab Tuma da ke gabashin tsohon birnin Dimashƙa, inda mafi yawan Kiristocin garin suke zaune. Gungun mutane ɗauke da takubba da gatura da bindigogi sun auka wa unguwar, suna fasa ƙofofi, suna kwasar dukiya, suna cinna wa gidaje da majami'u wuta. Sojojin gwamnati da aka girke don tsaron wurin ba su tsayar da ɓarnar ba, wasunsu ma suka shiga cikin masu wawason. Ana cikin wannan hali wani malami ɗan gudun hijira, mai shekara 51 a duniya, ya fito da 'ya'yansa da mutanen ƙasarsu, suka bi lungu-lungu suna tattara duk wanda suka tarar da rai suna kai shi gidansa. Malamin shi ne Amir Abdulƙadir ɗan Muhyiddin, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransa a Aljeriya. Cikin waɗanda ya ceta a wannan rana har da jami'an jakadancin ƙasar da ta raba shi da mulkinsa, ta kuma tsare shi kusan shekara biyar.

Haihuwa da karatu

An haifi Abdulƙadir a shekarar 1808 a ƙauyen Gaitana, kusa da garin Mu'askar a yammacin Aljeriya, cikin gidan sharifai masu ilimi. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddin, shi ne jagoran zawiyar Ƙadiriyya ta yankin, ɗarikar da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya bi a ƙasar Hausa. A zawiyar yaron ya haddace Alƙur'ani tun yana ɗan shekara 14, ya karanta fiƙihun Malikiyya da nahawu da hadisi, ya kuma ƙware a hawan doki.

Kafin ya kai shekara 20 ya raka mahaifinsa aikin Hajji, tafiyar da ta ɗauke su fiye da shekara biyu. Sun ratsa Misira a zamanin Muhammadu Ali Basha, inda saurayin ya ga yadda ake kafa rundunar soja da ofisoshin gwamnati irin na zamani. Sun zauna a Dimashƙa suna halartar majalisun malamai, sannan suka isa Bagadaza suka ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani.

Sarauta a cikin yaƙi

Rigimar Faransa da Aljeriya ta samo asali ne daga bashin kuɗin alkama da aka kai wa Faransa tun shekarun 1790, aka daɗe ana ja-in-ja a kan biyansa. A 1827 mai mulkin Aljiyas, Husaini Dey, ya fusata ya bugi ƙaramin jakadan Faransa da mafici. Faransa ta ɗauki wannan a matsayin hujja, ta datse tashar jiragen ruwan birnin, a watan Yulin 1830 kuma ta kama shi. Mulkin Turkawa ya rushe, yammacin ƙasar ya zama ba mai tsawatarwa. Ƙabilun yankin suka nemi Shehu Muhyiddin ya jagorance su, shi kuwa ya kawo uzurin tsufa ya gabatar da ɗansa. A watan Nuwamban 1832 aka yi wa Abdulƙadir mubaya'a a filin Garis, yana da shekara 24.

Cikin ɗan lokaci ya nuna cewa ya san yaƙi, ya kuma san sulhu. A 1834 Janar Desmichels ya ƙulla yarjejeniya da shi. A 1835 ya yi wa rundunar Faransa mummunan kaye a fadamar Makta. Ranar 30 ga Mayun 1837 kuma ya sanya hannu a yarjejeniyar Tafna da Janar Bugeaud, wadda ta bar masa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. Ya yi amfani da wannan sarari wajen gina gwamnati: ya raba ƙasa zuwa larduna ƙarƙashin halifofi, ya yanka wa alƙalai da ma'aikata albashi don kada su dogara da aljihun talakawa, ya mayar da haraji kan zakka da ushira, ya buga kuɗinsa mai suna Muhammadiyya, ya kafa sabuwar hedikwata a Tagdamt da masana'antun makamai. Cikin wakilan da yake aikawa wurin Faransawa akwai Yahudawa 'yan kasuwa, a masana'antunsa kuma akwai Turawa Kiristoci da ke aiki kan lada.

Fursunonin yaƙi da Bishop Dupuch

Yaƙi ya sake ɓarkewa a ƙarshen 1839, bayan da wata rundunar Faransa ta keta ta mashigar duwatsun Biban, abin da Amir ya ɗauka a matsayin saɓa yarjejeniya. Da aka naɗa Bugeaud gwamna, sai ya koma ƙone amfanin gona, da sare itatuwa, da kore dabbobi, domin yunwa ta karya ƙabilun da ke goyon bayan Amir. A 1845 sojojin Kanar Pélissier suka hura wuta a bakin kogunan dutsen Dahra, ɗaruruwan mutanen ƙabilar Aulad Riyah da suka ɓuya a ciki, maza da mata da yara, suka mutu da shaƙar hayaƙi.

A cikin irin wannan yaƙi ne Abdulƙadir ya kafa doka a kan kamammu. Al'adar mayaƙan yankin a da ita ce a yanke kan abokin gaba a kawo a karɓi tukwici. Ya hana wannan, ya mayar da tukwicin ga wanda ya kawo fursuna da ransa, ya kuma sa hukunci a kan duk wanda ya ci zarafin wanda aka kama. Matan da aka kama kuwa a hannun mahaifiyarsa, Lalla Zuhra, ake damƙa su.

Bishop na farko na cocin Katolika a Aljiyas, Antoine-Adolphe Dupuch, ya rubuta masa wasiƙa yana roƙon a saki wani jami'in Faransa da matarsa ta kawo kuka. Amir ya amsa da cewa bai dace malamin addini ya nemi 'yancin mutum guda kawai ba, kamata ya yi ya nemi na dukkan Kiristocin da ke tsare, ya kuma nemi a saki Musulmin da ke kurkukun Faransa. Daga wannan wasiƙa aka kai ga musayar fursunoni a watan Mayun 1841. Amir ya kuma nuna amincewarsa da a aiko limamin coci ya zauna tare da kamammun ya riƙa yi musu ibada.

Sai dai tarihin bai rasa tabo ba. A watan Afrilun 1846, lokacin da jama'arsa ke fake a kan iyakar Maroko cikin yunwa, aka kashe fursunonin Faransa fiye da 200 a sansaninsa. Yana can nesa a fagen daga lokacin da abin ya faru, kuma mafi yawan masana tarihi suna ɗora umarnin a kan halifansa Mustafa ɗan Tuhami, amma jaridun Faransa sun daɗe suna goranta masa.

Alkawarin da aka karya

Ƙarfinsa ya fara raguwa tun daga Mayun 1843, lokacin da Faransawa suka kama Zumala, birnin tantuna mai yawo da ke ɗauke da iyalansa da baitulmali da littattafansa. Sarkin Maroko da ya ba shi mafaka ya sha kashi a yaƙin Isli a 1844, aka tilasta masa juya wa Amir baya. Da ya ga an rutsa da shi ta gaba da ta baya, kuma ci gaba da yaƙi zai ƙarar da sauran jama'arsa, sai ya miƙa wuya ga Janar Lamoricière ranar 23 ga Disamban 1847, bisa sharaɗin a kai shi Iskandariya ko Akka. Ɗan sarkin Faransa, wanda ke gwamnan Aljeriya a lokacin, ya tabbatar da alkawarin.

Gwamnatin Faransa ba ta cika ba. Aka kai shi da mutanensa kusan 100 wani sansanin soja a Tulon, daga nan zuwa Pau, sannan fadar Amboise da ke bakin kogin Loire. Sanyi da laima da baƙin ciki suka yi wa ayarin illa, mutum 25 daga cikinsu suka rasu a Amboise, har da ƙananan yara, kuma kaburburansu suna nan a lambun fadar har yau. Cikin waɗanda suka tsaya masa a wannan hali akwai Bishop Dupuch, wanda ya ziyarce shi, ya kuma wallafa ɗan littafi a 1849 yana kira ga hukuma ta cika alkawarinta. Wasu daga cikin tsofaffin fursunoninsa su ma sun ba da shaidar yadda ya riƙe su.

Ranar 16 ga Oktoban 1852 Shugaba Louis-Napoléon ya je Amboise da kansa ya sanar da shi an sake shi, tare da fansho na faran 100,000 a shekara. Amir ya yi alkawarin ba zai sake komawa Aljeriya ko ya ɗauki makami a kan Faransa ba, ya kuma riƙe wannan magana har ƙarshen ransa. Ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, bayan girgizar ƙasar 1855 kuma ya koma Dimashƙa, inda ya duƙufa kan karantarwa a Masallacin Banu Umayya da nazarin littattafan Shehu Muhyiddin Ibn Arabi. Dubban 'yan Aljeriya da suka yi hijira zuwa Sham sun taru a kewayensa, da yawansu tsofaffin mayaƙansa ne.

Abin da ya hura wutar 1860

Dimashƙa tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya a lokacin, kuma Musulmi da Kiristoci da Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya a cikinta. A 1856, bayan yaƙin Kirimiya, Sarkin Musulmi na Istanbul ya fitar da dokar da ta daidaita dukkan talakawansa a gaban shari'a ba tare da la'akari da addini ba. Jama'a da yawa sun ɗauki dokar a matsayin abin da Turawa suka tilasta. A daidai wannan lokaci yadin masana'antun Turai mai araha ya cika kasuwanni, masaƙan gida suka shiga halin ni-'yasu, yayin da wasu 'yan kasuwa Kiristoci da ke dillancin kamfanonin Turai, suna kuma da kariyar ofisoshin jakadanci, suka yi arziki har manyan gari suna cin bashi a hannunsu. Hassadar kasuwa da nauyin bashi suka sami rigar addini suka saka.

A ƙarshen watan Mayun 1860 faɗa ya ɓarke a duwatsun Labanan tsakanin Duruz da Kiristoci Maroniyawa. Cikin watan Yuni aka yi wa Kiristoci kisan kiyashi a Hasbayya da Rashayya da Dairul Ƙamar, garin Zahla kuma ya faɗi. Dubban waɗanda suka tsira suka kwararo Dimashƙa, suna kwana a harabar majami'u da kan tituna. Abdulƙadir ya hango inda aka dosa. Ya gargaɗi gwamna Ahmad Basha, ya gana da malamai da masu faɗa a ji, ya aika wa shugabannin Duruz wasiƙu yana jan kunnensu. Da ya ga hukuma ba ta da niyyar motsawa, sai ya fahimci juna da muƙaddashin jakadan Faransa, aka samar wa mutanensa kimanin 1,000 makamai.

Abin da ya tayar da fitinar ƙarami ne. Wasu samari suka zana alamar gicciye a kan hanyoyin unguwar Kiristoci domin a tattaka. Da aka kai ƙara, hukuma ta kama su, ta sa musu mari, ta tura su sharar titunan unguwar a bainar jama'a. Ganin yaran cikin sarƙa ya harzuƙa 'yan kasuwa, aka ƙwace su daga hannun dogarai, kafin la'asar kuma unguwar Bab Tuma ta kama da wuta.

Kwana takwas

Mutanen Amir sun fara da ofishin jakadancin Faransa, suka kwashe waɗanda ke ciki. Suka je makarantar limaman Lazarist da ta matan zumunta masu hidimar jinƙai, suka fito da malamai da ɗaruruwan yara, suka ratsa da su ta tsakiyar tarzoma, mayaƙa na kewaye da su. Jakadun Rasha da Girka sun sami mafaka a gidansa, haka ma mataimakin jakadan Amurka, likita Mikha'il Mishaƙa, wanda aka sassara amma ya rayu ya rubuta tarihin abin da ya gani. Akwai waɗanda taimako bai kai gare su ba. Limamai takwas na ɗarikar Faransiskan da suka zaɓi zama a gidan ibadarsu, tare da 'yan'uwa uku na gidan Masabki, an kashe su a daren farko, kuma su ne Fafaroma Francis ya sanya cikin waliyyan cocin Katolika a watan Oktoban 2024.

Da labari ya bazu cewa gidan Amir ya cika da Kiristoci, sai taron ya nufo ƙofarsa yana neman a miƙo su. Ya fito ya tsaya a gabansu, mayaƙansa na bayansa. Ya tunatar da su cewa waɗannan mutane suna cikin amanar Musulmi, cewa shari'ar da suke iƙirarin karewa ta haramta jinin wanda bai yi laifi ba, kuma duk mai son taɓa baƙinsa sai ya fara gamawa da shi da mutanensa. Wasu daga cikin taron suka yi masa gori cewa shi da ya yi shekaru yana kashe Nasara yau ya zama mai kare su. Amsarsa ita ce ya yaƙi sojojin da suka mamaye ƙasarsa ne, bai taɓa yaƙar mutum saboda addininsa ba. Taron ya watse ba tare da ya shiga gidan ba.

Ya kuma sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo masa Kirista da rai zai karɓi ƙurush 50, dabarar da ya taɓa amfani da ita a kan fursunonin Aljeriya. Da gidansa da na maƙwabta suka cika, sai ya riƙa tura mutane rukuni-rukuni, cikin rakiyar mayaƙansa, zuwa babban sansanin soja na birnin da ake kira Ƙal'a. Tarzomar ta ɗauki kimanin kwana takwas. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta waɗanda aka kashe a birnin da kusan 5,000, waɗanda suka tsira ta hanyarsa kuwa sun haura 10,000. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba: a unguwar Midan da ke kudancin birnin, manyan Musulmi irin su Salihu Aga al-Mahayini sun tsare maƙwabtansu Kiristoci, shi ya sa ɓarnar ba ta yi tsanani a can ba.

Agajin da ya biyo baya

Labarin ya girgiza Turai da Amurka. Istanbul ta aiko ministan harkokin wajenta, Fu'ad Basha, da cikakken iko. Ya sa aka kashe mutum fiye da 150 da aka samu da laifi, aka harbe gwamna Ahmad Basha, aka kuma ɗora wa birnin harajin biyan diyya. Faransa ta sauke soja kimanin 6,000 a Bairut a watan Agusta, suka zauna har tsakiyar 1861, lokacin da aka kafa wa Dutsen Labanan tsarin mulki na musamman ƙarƙashin gwamna Kirista da Istanbul ke naɗawa.

Majami'u ma sun tashi tsaye. A Faransa ƙungiyar tallafa wa makarantun Gabas, wadda aka kafa a 1856 kuma take aiki har yau da sunan L'Œuvre d'Orient, ta tara kuɗi masu yawa, shugabanta Fada Charles Lavigerie ya kai su Sham da kansa, ya kuma je Dimashƙa takanas don ya gode wa Amir. A birnin Ƙudus wani Bajamushe, Johann Ludwig Schneller, ya buɗe gidan marayu ga yaran da suka rasa iyaye a rikicin. A Bairut wata Baturiyar Ingila, Elizabeth Bowen Thompson, ta kafa makarantu ga zawarawa da 'yan mata. Wannan agaji ya ciyar da masu yunwa ya kuma raini marayu, amma duk ya iso ne bayan an binne matattu. Ya kuma zo a cakuɗe da muradun manyan ƙasashe, domin Faransa tana ɗaukar kanta uwar Katolikan Gabas, Rasha ta 'yan Otodoks, Ingila kuma tana dasawa da Duruz. A kwanakin da wuta ke ci, abin da ya raba mutum da ajali shi ne maƙwabcin da ya buɗe masa ƙofa.

Lambobin yabo sun yi ta zuwa wa Amir daga Faransa da Rasha da Girka da Istanbul, da kuma Fafaroma Pius na Tara. Gwamnatin Amurka ta aiko masa da ƙananan bindigogi biyu masu ado, ta Ingila ma ta aiko da bindiga. Imam Shamil na Dagistan, wanda ke tsare a hannun Rasha, ya rubuto yana yaba masa a kan raya sunnar Manzon Allah (SAW). Akwai kuma masu suka, a lokacin da kuma bayansa, da ke ganin ya yi wa Faransa aiki ne tunda ita ke biyansa fansho ita kuma ta ba shi makamai. Shi dai bayanin da ya yi wa Bishop Pavy na Aljiyas a wasiƙa shi ne cewa abin da ya yi wajibi ne da shari'ar Musulunci da haƙƙin ɗan Adam suka ɗora masa. Dokar da ya kafa a kan fursunoni kusan shekara 20 kafin nan, lokacin da babu wani fansho tsakaninsa da Faransa sai harsashi, tana ƙarfafa wannan bayani. Da aka riƙa raɗe-raɗin naɗa shi sarkin wata daular Larabawa a Sham ƙarƙashin inuwar Faransa, bai karɓa ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma ga karatu da ibada. Ya sake yin Hajji a 1863, ya daɗe a Makka da Madina cikin halwa. Ya halarci bikin buɗe mashigin ruwan Suwez a 1869. Darussan da ya bayar a Dimashƙa su ne aka tattara a littafinsa mai suna Al-Mawaƙif. Ya rasu ranar 26 ga Mayun 1883, aka binne shi kusa da kabarin Ibn Arabi a unguwar Salihiyya. Bayan Aljeriya ta sami 'yanci, gwamnatinta ta ɗauko gawarsa a watan Yulin 1966 ta sake binne ta a maƙabartar Al-Aliya da ke Aljiyas. A jihar Iowa ta Amurka kuma akwai wani ƙaramin gari mai suna Elkader, wanda waɗanda suka kafa shi suka raɗa masa sunan Amir tun a 1846, lokacin yana kan dokinsa yana yaƙar Faransa.